Mun Kai Muryar Baba Nomau Gyara Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban sha shayi da daɗin rai ba. Da zarar na zauna a fada, kafin a zuba na farko, sai wani ya ce wai ya ji na tsorata soja a hanya, wani ya ce a'a, shi abin da ya ji wata Bazabarma ce ta wanke ni tas a gaban jama'a. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, sai dai kowa ya ƙara nasa gishirin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa takarda ya karanta, ko a karanta masa.

Ga wanda bai san mafarin ba, shekara talatin na yi ina koyarwa a lekwal. Da na ajiye alli sai mutanen garinmu, Kukar Magaji, suka ce tunda hannuna ya saba da rubutu, ni ne sakataren kwamitin gonaki. Aikin ba albashi, sai yawan gaisuwa. Cikin kayan da aka damƙa mini har da wani ɗan akwati baƙi, bai fi tafin hannu ba, wanda ake jona wa kwamfuta a ajiye abubuwa a ciki. Masu boko na ce masa disk-dur, mu dai diski muke cewa. Abin da ke cikinsa muryar Baba Nomau ce, dattijon da ya san iyakar kowace gona a garin. Shekara uku da suka wuce wata ma'aikaciyar gona ta bi shi da rakoda tun daga bakin burtali har tabki, yana tafe yana faɗin inda iyaka take da wanda ya kafa ta. Ni lokacin ina kwance a asibiti a Maraɗi an yi mini aikin ido, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka canja mata wurin aiki ta bar mana diskin, Baba Nomau kuma Allah ya yi masa rasuwa bara. Ba wanda ya taɓa neman ya saurara, don muddin ana samun ruwa mutane ba su cika tuna iyaka ba.

Sai daminar bara ta gaza. Ciyawa ta ƙare a arewa da wuri, Fulani suka gangaro da shanu duk haƙarƙari a waje, suka tarar burtalin da ke kai su tabki ya tsuke a wani wuri har shanu biyu ba sa jerawa. Wurin kuwa gefen gonar gidanmu ne, wadda yayana Ɗanladi ke nomawa. Yaya ya ce haka ya gada. Ardo Juli, shugaban makiyayan, ya ce yana saurayi garke guda ke wucewa nan ba tare da ya taɓa aguwar da ke shinge ba. Da magana ta fara zafi, sarki ya ce a kawo muryar Nomau a zauna Larabar mako biyu, kafin ruwan shuka, don in iri ya shiga ƙasa a shekara irin wannan ba mai yarda a tuge masa ko kara ɗaya.

Na ɗauko diski da alfahari aka jona a kwamfutar daraktan lekwal. Shiru. Na kai shi Maraɗi, nan ma aka juya shi aka ce sai Yamai. Muka kira ma'aikaciyar, ta ce kwamfutar da ta yi aikin da ita ta daɗe da mutuwa. Kafin in dawo gida magana ta riga ni isowa, wai sakatare ya kashe diski don ya rufa wa yayansa asiri. Wannan magana ta ci mini rai ƙwarai, don ban tara komai a duniya ba in ban da cewa in na faɗi abu ana yarda. Na ce zan tafi Yamai, in dawo da muryar ko in ajiye sakatarcin. Ardo ya ce shi ba wai bai yarda da ni ba ne, amma ya daɗe yana son ganin babban kogi, saboda haka ƙafata ƙafarsa.

Muka kwana Maraɗi, bayan sallar asuba muka shiga babbar motar nan da muke ce wa kar. Matata Saude ta shimfiɗa auduga a cikin langa, ta kwantar da diskin, ta rufe ta ɗaure da zane. Ardo ya dubi langar, ya dubi cinyata, ya ce nauyin zai yi mini yawa. Haka aka yi sulhu, rabin langa bisa gwiwata, rabi bisa tasa, muka tafi kamar masu kai wa surukai tuwo. A Galmi wata mata ta shigo da buhun albasa, yaran mota suka rasa inda za su sa shi a duk faɗin motar sai kan ƙafafuna. Ta ba ni haƙuri, ta kuma ba ni albasa uku, waɗanda har Yamai ban san yadda zan yi da su ba.

Ba duk tafiyar ce ta dariya ba. Tsakanin Madawa da Ƙonni mun yi ta wuce mushen shanu a bakin hanya, wasu sun bushe, wasu ungulu na kai. Ni ina kau da kai, shi Ardo yana leƙawa ta taga yana duban tsagen kunnensu, yana faɗi a hankali daga wane yanki suka fito. A ranar na fara gane cewa abin da mu muke kira rigimar iyaka, shi a wurinsa maganar shan ruwa ce.

A Ƙonni aka tsaya cin abinci. Garin na bakin iyakar Najeriya, kuma in ba a faɗa maka ba ba za ka san wace ƙasa kake ba, don mai shinkafa da wake ma sai ta tambaye ka da kuɗin wace ƙasa ka zo. Na ce wa Ardo ga mu za mu Yamai saboda iyakar taki ashirin, ga kuma iyakar ƙasa da ƙasa mutane na tsallake ta da kwalaben fetur a kan babur ba mai ko waiwaye. Ya ce ai su ba aguwa aka dasa musu ba. Shi bai taɓa shinkafar ba, ya kwance gorarsa ya dama fura ya miƙo mini ludayi, na sha na tabbatar da cewa na yi asarar cikina da na fara da wake.

Bayan Dogon Dutsi muka iske shingen sojoji. Tun da suka karɓi mulki bincike ya ƙara tsanani, kowa sai ya sauka da katinsa a hannu. Wani soja, da ganinsa ba zai wuce sa'ar ɗana na biyu ba, ya ɗora hannu a kan langarmu ya tambaya ko abinci ne. Ina shirya masa bayani da Faransanci mai kyau, sai Ardo ya riga ni.

"Muryar wani tsoho ce da ya rasu bara," in ji shi. "Ta ƙi hita, za mu kai ta Yamai a hiddo ta."

Sojan ya janye hannunsa a hankali ya goge a wando. Ya ce Allah ya jiƙansa, mu wuce. To kun ji duk tsoratar da soja da ake ta yaɗawa, kuma ko ita ba ni na yi ba.

Iyaka ta gaskiya a Doso muka tsallake ta, ba shinge ba katin shaida. Masu tallan bakin mota suka juye zuwa Zabarmanci, na nemi ruwa aka kawo mini ƙwai. Can gaba direba ya rage gudu ya nuna mana raƙuman dawa suna cin ganyen bagaruwa, fasinjoji na ta ɗaukar hoto da waya. Ardo ya dube su da kyau ya ce Allah mai iko, bana sai mai dogon wuya.

Mun sauka wajen Issufu, wani tsohon ɗalibina da ke aiki a wata ma'aikata, a unguwar Koira Kano. Unguwa ce ta sababbin gidaje, kowanne da katanga da ƙofar ƙarfe. Abin da ya ba ni mamaki, na tambayi Issufu sunan maƙwabcinsa na dama, ya ce ya san dai kalar motarsa. A can in za ka je gidan mutum sai ka kira shi a waya ka nemi izini, mu kuwa a gida sai dai mutum ya ɗaga kai ya gan ka zaune a tabarmarsa. Issufu ya karɓe mu hannu bibbiyu, Mushe kaza Mushe kaza, don haka ake kiran malamin lekwal a wajenmu, matarsa ta yi mana shinkafa da kifin kogi. Aka ba mu ɗaki mai fanka, Ardo ya shiga ya fito ya ce shi ba ya barci inda ba ya ganin sama, ya ja tabarma tsakar gida. Da yake langa ba ta rabuwa biyu, ni ma tsakar gidan na kwana, sauron Yamai ya yi mini maraba.

Da safe Issufu ya tafi aiki ya ce mu hau taksi zuwa Petit Marché, akwai masu gyara a kewayen. Taksin Yamai ba a gaishe shi. Yana rage gudu ne ka jefa masa sunan inda za ka ta taga, in hanyarsa ce ya tsaya, in ba ita ba ce ya wuce ko kallonka bai yi ba. Ni kuwa ban iya buɗe baki ga mutum ba sallama. Na farko ya wuce ina kan ina kwana, na biyu ya kai ni har ina gajiya. Na uku ne Ardo ya ture ni gefe ya daka masa sunan kasuwar kamar yana kiran bijimi, sai ga mota ta tsaya cak.

A gefen kasuwar, tsakanin masu tumatir da mahauta, muka samu wani mai teburi cike da wayoyi a buɗe. Ya karɓi diskin ya girgiza shi a kunne, ya ce a sa shi a firigo, wato firji, ya kwana, in bai tashi ba ya buɗe cikinsa. Har ya ɗauki abin kwance ƙusa, Ardo ya gitta sandarsa a kan teburin ya tambaye shi ko ya taɓa warkar da irin wannan. Mutumin ya ce Allah ke warkarwa. Ardo ya ce awo, amma shi ya taɓa kasancewa a wurin lokacin da Allah ya warkar? Muka mayar da kayanmu cikin langa. Wata mai tattasai 'yar Tawa da ta ji harshenmu ita ta kira mu, ta ce mu bi layi na biyu mu tambayi Madam Hamsatu, wurinta ma'aikata ke kai injinansu. Na ba ta albasata uku, ta karɓa tana dariya.

Madam Hamsatu mace ce mai kimanin shekara arba'in, da tabarau a goshi, shagonta tsaf kamar ɗakin haihuwa. Tana ɗaga kai ta ga tsagen da ke fuskata sai ta ajiye abin da take yi ta ce yau ga bawanta ya kawo kansa. Wanda ya san ƙasar nan ya san mu Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne, duk abin da suka faɗa mana ba fushi. Na ce mata na zo duba yadda talakawana ke zaune ne a bakin kogi. Ardo ya samu kujera ya gyara zama, don ya ga alamar za a yi abin kallo.

Ba ta jona diskin ba sai da ta titsiye ni, kamar malamar asibiti, in faɗa mata duk abin da aka yi masa, kada in rage. Nan asiri ya tonu. Ranar da ma'aikaciyar ta kawo shi ta ce zafi ne babban abokin gabansa, Saude na ji. Saude kuwa ba ta san wuri mai sanyi a gidanmu da ya wuce jiƙaƙƙen buhun algarara da take ajiye goronta a gindin randa ba. Nan ta sa shi, kullum safe ta yayyafa musu ruwa shi da goron, shekara biyu. Da na same shi da danshi na ɗora shi kan rufi ya wuni tare da kauɗar tumatir. Yaya kuma ya ba shi mari biyu, yadda yake yi wa rediyonsa. A Maraɗi ya tashi sau ɗaya, kwamfuta ta rubuto cewa dole a yi masa formate, wato a share shi, kafin a yi amfani da shi, na danna e.

"Wato kun jiƙa shi, kun shanya shi, kun mare shi, kun aske shi," in ji ta. "Saura ku daka shi ku yi fura. Kai kuma Mushe guda, me ya kai ka cewa e?"

Na ce mata abin ya rubuta dole ne, ni kuma tsohon ma'aikacin gwamnati ne, in takarda ta ce dole sa hannu nake yi, tambaya ta biyo baya. Ta ce shi ya sa soja ba sa shan wahala da mu. Mutum uku da ke jiran gyara suka yi ta dariya, Ardo har da share hawaye da gefen rawani.

Daga nan ta daina wasa. Ta ɓalle baƙin akwatin na roba, ta nuna mana wani ɗan allo inda waya ke shiga, duk ya yi tsatsa kore. Ta ce wannan ne ruwan goro ya ci, diskin kansa yana ciki a rufe, kuma shi ba a buɗe shi a gari mai ƙasa irin wannan, da mai teburi ya buɗe da mun koma gida da langa kawai. Ta zare shi ta jona kai tsaye cikin wata babbar kwamfuta, ta kara kunnenta. Ta ce yana juyawa lafiya, ba ya ƙwas-ƙwas, mu gode Allah. Kwamfuta ta gan shi, amma ta nuna babu komai a ciki. Na dafe kai na fara salati.

"Kwantar da hankalinka, Bagobiri," in ji ta. "Da ka ce e, ba 'yan aji ka kora ba, littafin kiran suna ka yaga. Suna nan zaune, sai dai ba wanda ya san sunan kowa. An zuba wani abu a ciki tun daga ranar?"

Na ce a'a. Ta ce to wannan ne kawai abin kirkin da muka yi, shi ma don ya ƙi kamawa ne.

Ta ce ba a aiki a kan majinyaci, sai ta fara kwafe shi kaf zuwa wani diski mai lafiya, sannan ta yi bincike a kan kwafin. Aikin ya ci yinin nan da rabin washegari. A fuskar kwamfuta wasu 'yan gidaje ke cika ɗaya bayan ɗaya, kore in wurin ya karantu, ja in ya ƙi. Ardo ya kafa musu ido, da ja ya fito sai ya yi tsaki. Da rana tsaka kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya, duk layin aka yi ajiyar zuciya tare. Wani akwatin batir ya fara kuka a ƙarƙashin teburi, ta tsayar da aikin a natse ta ce in wuta ta dawo zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ta aika aka sayo mana dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, wanda mu a gida ba ma ba baƙo sai in tukunya ta gaza, su kuwa a Yamai har layi ake yi masa. Na faɗa mata haka, ta ce in ajiye cokalin mana. Ban ajiye ba.

Rana ta uku da hantsi abubuwa suka fara fitowa, kuma kamar yadda ta faɗa, ba mai suna, sai lambobi. Takardun kwamiti, hotunan bikin wasu mutane da ban sani ba, da muryoyi fiye da ɗari uku. Ta ce injin ya yi nasa, saura aikin kunne. Lasifikarta ta ƙone, sai abin sawa a kunne guda ɗaya, Ardo kuma ya ce ba ya cusa wa kunnensa abin da bai san kunnen da ya fito ba. Saboda haka ni na zauna ina ji, shi yana gefena yana kallon fuskata, ita tana rubuta lambar duk wanda na ɗaga wa kai.

Waƙoƙi, wa'azi, taron mata, wani yana gwada rakoda yana ƙirga ɗaya biyu uku. Can sai na ji tari, irin tarin da duk Kukar Magaji ta sani, sannan muryar Baba Nomau tana bisimilla. Hawaye suka zubo mini ban shirya ba. Ashe ma'aikaciyar gunduwa-gunduwa ta ɗauka, kowane zango da nasa. Na samu na bakin burtali, na samu na wajen tsohuwar rijiya, wani ya ɗan yanke a tsakiya inda jan gida ya ci, amma ana ganewa. Sai na faɗa kan wanda yake cewa ga mu a gonar gidan Malam Mamman, wato mahaifinmu.

"Nan kam aguwa ba nan take ba," in ji muryar. "Can take wajen bagaruwar can, taki ashirin. Malam Mamman ya tuge ta ya matso, shekarar babbar yunwa. Ban hana shi ba, na ga abin da ke gidanai."

Na ji shi har ƙarshe. Ba wanda ya ji sai ni, abin ba shi da suna, kuma kowa ya ga jajayen gidaje da idonsa, in na ce wannan zangon ya lalace ba mai musu. Ardo ya tambaye ni da ido. Na girgiza kai na ce waƙa ce, na wuce na gaba. Ina rubuta wannan ne don kada a ce na gyara labarin. Na yi ƙarya, kuma bakina bai ko yi nauyi ba.

Na wuce uku, ban san me ke cikinsu ba. Madam Hamsatu ba ta ɗago daga takardarta ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Faransanci don kada Ardo ya ji. Ta ce waƙar nan ta ɗazu minti shida na ba ta, sauran ko numfashi biyu ba sa samu, ta rubuta lambar a gefe, ni na san abin da zan yi da ita. Wannan karon ba ta ce mini bawanta ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Aka kira azahar muka fita ni da Ardo muka yi sahu ɗaya, kafaɗata na taɓa tasa. Ban san abin da na karanta ba. Da muka dawo na ce wa Madam Hamsatu ta mayar da lambar, na riƙe abin sauraren a kusa da kunnen Ardo ba tare da ya taɓa shi ba. Ya saurara har ƙarshe.

"Na gani ga huskarka tun ɗazu, Mushe," in ji shi. "Jira nike in ga ko kana dawowa. Allah shi jiƙan Malam Mamman. Shekaran nan kowa ya yi abin da bai so ba."

Madam Hamsatu ta sa wa kowane zango sunansa, ta zuba su a faifai biyu, ɗaya nawa ɗaya na Ardo, ta ce kada a sake ajiye abu mai muhimmanci a wuri ɗaya tak, kuma a gaishe mata da Saude a ce goro ya ci shi kaɗai. Kafin mu bar gari Issufu ya kai mu kan gada Ardo ya ga koginsa. Ya dube shi, duk ya janye ya bar yashi, ya ce shi ma bana ya ji jiki. Komawa ba abin faɗi, sai dai langa a ƙarƙashin kujera ta yi tafiyar, kowa da faifansa a aljihu.

Talata da la'asar na je na samu Yaya yana gyaran ƙotar kalme. Na faɗa masa abin da za a ji gobe, don ban so ya fara jin sa a gaban jama'a ba. Na shirya wa faɗa, har da zagi. Bai ɗago ba, ya tambaye ni abu ɗaya kawai, sunan wa Nomau ya kira. Na ce na Baba. Ya ci gaba da fiƙe itacensa, na gaji da tsayuwa na tafi.

Laraba da hantsi aka taru a ƙofar sarki, manoma gefe, makiyaya gefe, aka aro lasifikar masu biki. Da tarin Baba Nomau ya fito mata suka fara salati daga bayan zana. Aka bi shi zango-zango har gonarmu, ya faɗi abin da ya faɗa. Ni dai ƙasa nake kallo, kunya da baƙin ciki sun cika ni, don ubana ne aka kira a bainar jama'a, kuma ni na je har Yamai na ɗauko. Sai na ji Yaya ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, Nomau bai yi kure ga iyaka ba, amma ya yi kara ga suna. Shekaran nan Baba na kwance, ko tashi ba ya iyawa. Ni na tuge aguwar da hannuna, ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma Nomau ya gane ni. Ya aza ma wanda ke ƙasa ne don ni ina da sauran kunyar ji bisa ƙasa. A buɗe hanya, amma a hidda sunan ubana ciki."

Sarki ya juyo gare ni ya ce sakatare, rubuta. Na buɗe littafin kwamiti na sa sunan yayana inda ya ce a sa. Ban taɓa jin tausayinsa da girmansa a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Washegari da sassafe shanun Ardo suka bi ta cikin abin da muka tashi muna kira gonarmu, Yaya na tsaye wajen bagaruwa yana nuna musu hanya da hularsa.